Kashi Bakwai a Awa

Litinin, 6:10 na yamma

Batir: kashi 71 cikin ɗari.

Yau kwana biyar da ɗauke wuta. Ba irin ɗaukewar da muka saba ba, ta awa uku ko ta yini guda. Ranar Alhamis da hantsi aka ji wata babbar ƙarar fashewa daga gabas, fanka ta tsaya, shi ke nan. Rediyo ta ce ana gyara. Yaya ya ce ba zancen gyara ba ne, da na tambaye shi to mene ne, sai ya ce in zuba masa shayi. An sa dokar hana fita daga ƙarfe bakwai na yamma. Gidajen mai duk sun rufe, saboda haka maganar janareta ba ta ma taso ba.

Wata huɗu ke nan da na gama jami'a, na karanta injiniyan lantarki. Ina aikin gwaji a shagon masu haɗa sola. Abin da muke da shi a gida: farantan sola huɗu a kan rufi, batir ɗaya, inbata ɗaya mai juya wutar batir zuwa ta gida. Yaya ne ya sa aka haɗa su bara, lokacin da aka sallamo Baba daga asibiti da injin oksijin. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a wurin yankan katako, ƙurar ta cinye masa huhu. Likita ya ce awa goma sha shida a rana a kan injin, kada ta gaza.

Jiya na gwada komai ɗaya bayan ɗaya. Injin yana cin kashi bakwai na batir a kowace awa. Zai yi aiki daga goma na safe zuwa shida na yamma, sannan daga goma na dare zuwa shida na safe. Na dare shi ne abin tsoro, don babu rana: takwas sau bakwai, hamsin da shida. Inbata kuma tana kashe kanta idan batir ya sauka zuwa kashi goma. Ƙwan fitila ɗaya da cajin waya, huɗu. Ke nan dole mu sami saba'in da ƙarfe shida na yamma, kullum.

Na rubuta kashin da kowane abu yake ci a awa a takarda, na manna a ƙofar kicin don kowa ya gani:

Firji, 3. An kashe.
Keken ɗinki, 2. An kashe.
Fanka, 1½. An kashe.
Baba, 7.

Dutsen guga kuwa ban ma gwada shi ba, na kulle shi a akwatina.

Baba ya tsaya ya karanta a hanyarsa ta zuwa banɗaki. Ya ce, "Injiniya, yau kin gaje ni." Tun muna yara shi ne mai bin ɗakuna yana kashe ƙwai, yana tambaya wane attajiri ne ya bar wannan a kunne. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Injin yana da 'yar mita a bayansa mai ƙirga awannin da ya yi aiki. Da ƙarfe goma na safen yau tana kan 2,140. Na rubuta ne kawai don ina rubuta komai.

Talata, 6:05 na yamma

69. Saura ɗaya.

Na hana cajin waya. Yaya ya ce ko a kurkuku ana tausaya wa mutum. Na ce ya yi a tasinsa. Ya ce da wane man?

Laraba, 6:02 na safe

11. Goma sha ɗaya. Na zauna a gaban inbata tun asuba ina kallon lambar tana sauka. Da ta ƙara sauka da ɗaya, da injin ya tsaya Baba yana barci.

Laraba, 7:30 na yamma

71.

Umma ta koma kan tsohon kekenta na ƙafa a ɗakin gaba, inda take karɓar ɗinki. Tana da kayan makaranta saiti arba'in da za ta miƙa ƙarshen wata. Ɗazu ta cire takalmi na ga ƙafarta ta dama ta kumbura har idon sawu ya ɓace. Wuyanta duk ƙurajen zafi. Duk da haka da muka zauna cin abinci, ita ce ke yi wa Baba fifita da murfin kwali.

Ta ce, "Auta, ko rabin awa ba za a ba ni fankar nan ba? Ni fa na haife ki."

Na ce babu hali. Da na ga fuskarta sai na ce to, ga doka: duk ranar da batir ya wuce tamanin da ƙarfe shida, Umma tana da fanka da yamma, da awa ɗaya a keken lantarki. Na ƙara shi a takardar ƙofa, na ja layi a ƙarƙashi.

Baba ya ce, "Tamanin? Ina za a samo goman?"

Na ce zan wanke farantai, zan duba wayoyi, ana iya samu. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Tela, ki yi haƙuri, gwamnatin gidan nan ba ta da sauƙi." Tela yake kiran Umma tun kafin a haife mu.

Alhamis, 6:08 na yamma

74. Na hau rufi da sassafe na wanke farantan da tsumma da ruwa bokiti ɗaya. Maman 'Yan Biyu ta hango ni daga gidansu ta ɗaga murya, wai in sauko kafin in karye a rasa mai aure na. Daga saman ana ganin gabas sosai. Har yanzu hayaƙi yana tashi. Na juya masa baya na ci gaba da gugata.

Juma'a, 6:15 na yamma

84!

Na duba sau biyu. Na kira Umma ta gani da idonta. Na ɗauko fanka na jona da kaina, ta zauna a gabanta ta zame ɗankwali ta lumshe ido, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kuɗin makaranta bai tafi a banza ba." Baba yana kujerarsa yana kallonta. Ya daɗe bai yi fara'a irin ta yau ba.

Ina jin wankin ne, da kuma wayar da na ɗaure a bayan inbata, wadda ta ɗan saki.

Asabar, 6:00 na yamma

85.

Lahadi, 6:20 na yamma

72. Ban gane ba. Rana ta fito tas, kuma yau ina gida yini guda, ban ga an kunna komai ba.

Sai dai Goggo, ƙanwar Baba, ta zo da hantsi. Tana shigowa ta ce, "Ke da digirin wuta a hannu, a ce gidanku ya fi kowanne duhu?" Na kama ta ta jona wayarta a soket ɗin bayan kujera ta rufe da mayafi. Na cire. Ta ce wa Baba, "Yaya, 'yarka ta zama ɗan sanda." Amma waya ɗaya ba ta cin kashi goma sha uku. Ko rabin ɗaya ba ta ci.

Babu fanka yau. Baba ya tambaye ni ko gobe zan je aiki.

Litinin, 6:05 na yamma

90.

A shago na ba Oga labari, har da ɗan alfahari. Bai ko ɗago daga inbatar da yake kwancewa ba. Ya ce, "'Yar jami'a, wankin faranti ba ya ƙara kashi ashirin. Biyar, in ya yi yawa." Na ce ina da komai a rubuce. Ya ce, "To ki sake karanta abin da kika rubuta." Raina ya ɓaci. Shekara ashirin yana aikin nan da hannu, ya ɗauka duk mai takarda ba ya gane komai.

A hanyar dawowa an tare babban titi, aka sauke mu daga bas muka wuce a ƙafa, hannu a sama. Ban gaya wa Umma ba.

Talata, 6:00 na yamma

91. Umma ta gama saiti biyar a keken lantarki cikin awa ɗaya. Tana yi tana 'yar waƙarta.

Laraba, 6:30 na yamma

90.

Baba ya kira ni da sunan Goggo. Sau biyu. Na ce, "Baba, ni ce." Ya ce ai ya sani, tsokana yake yi. Ya ce kansa yana ciwo. Ƙafafunsa sun ɗan tasa, na danna da yatsa wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Na maƙala masa 'yar na'urar yatsa mai auna iskar jini: 91. Daidai da yadda ya saba. Umma ta ce kwanan nan barcin rana yake yi da yawa, ga rediyo a kunne kusa da kunnensa.

Bara likita ya lissafa mini alamu huɗu da zan riƙa lura da su. Ba zan rubuta su a nan ba.

Laraba, 9:10 na dare

Zafi ne. Kowa ma ƙafarsa tana kumbura a zafin nan.

Alhamis, 6:12 na yamma

81.

Tun safe hadari ya rufe gari, rana ba ta fito ba sai wajen la'asar. Yini na yi a shago ina lissafin yadda za mu kwana. Inbata tana nuna abin da farantai suka kawo. Na ɗauki wannan lambar, na haɗa da ta safe, na cire awa takwas na injin. Amsa: 60. Na sake. 60. Na sake da kalkuleta.

Mita ta ce 81.

Umma ta ce, "To mene ne na ɓata rai? Mutum ya sami ƙari ya kama kuka?" Na jona mata fanka. Doka doka ce.

Idan mitar ƙarya take yi, to ba mu da abin da muke zato muna da shi, kuma wata rana injin zai tsaya tana nuna talatin.

Juma'a, 6:25 na yamma

Na aro abin awon Oga. Mitar lafiyarta lau. Sai na ce ko injin ne ya fara lalacewa, yana jan wuta kaɗan yana ba da iska kaɗan. Na auna shi yana aiki. Bakwai a awa, kamar kullum.

91 yau. Lambar tana da kyau, ni kuma tsoronta nake ji.

Asabar, 10:05 na safe

Na tsuguna zan kunna injin sai idona ya faɗa kan 'yar mitar bayansa.

Kwana goma sha biyu daga waccan Litinin. Sha biyu sau sha shida, 192. Ya kamata ta nuna 2,332.

Tana nuna 2,313.

Awa goma sha tara.

Ranar Lahadi ina gida.

Asabar, 5:40 na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru, a jere.

Na fita ƙarfe sha ɗaya kamar mai tafiya aiki. Na zauna a rumfar jiran bas har biyu da rabi. Na dawo ta ƙofar baya na cire takalmi. Daga ɗakin gaba ana jin keken Umma, taka-taka-taka. Daga ɗakin Baba ana jin rediyo. Gurnanin injin ne babu.

Yana kan kujera, robar tana hancinsa yadda ya kamata, ido a rufe, baki a buɗe. Leɓɓansa sun yi duhu kamar ya tauna biro. Na danna makunni. Na sa masa na'urar yatsa. 81. Na riƙe hannunsa ina kallo tana hawa, 83, 84, 86. Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba, ban duba agogo ba.

Ya buɗe ido ya gan ni. Ya kalli injin. Bai yi ƙoƙarin musu ba.

Na ce, "Baba, awa goma sha tara."

Ya ce, "Kin ƙirga." Yana magana yana hutawa. "Na san za ki ƙirga. Na ɗauka dai sai wuta ta dawo."

"Don me?"

"Je ki karanta takardarki."

Na ce na san abin da ke ciki, ni na rubuta.

"To. Firji uku, an kashe. Keke biyu, an kashe. Ni ne mai bakwai. Na fi kowa ci a gidan nan, kuma ni kaɗai ne ba na aikin komai." Ya ja numfashi. "Baiwar Allah tana taka keke da kumburarriyar ƙafa, ni ina zaune ina shan wuta. Awa uku ce kawai, Injiniya. Ina kunnawa kafin ki dawo."

Na ce likita ya ce sha shida. Ya ce likita bai ga ƙafar Tela ba.

Ban ji lokacin da keken ya tsaya ba. Sai ganin Umma na yi a bakin ƙofa, almakashi a hannunta, zare a leɓenta.

Ta ce, "Malam, iskar da nake sha da yamma, taka ce?"

Ya ce, "Haba Tela, ke ma dai…"

Ta juya. Na ji ta cire fanka daga soket, ta naɗe wayar, ta ɗora ta a saman kabad. Daga nan ta shiga banɗaki ta saki famfo, alhali ruwan bai zo ba tun jiya.

Baba, 7. Da hannuna na rubuta. Injin nake nufi. Wurin ne ya yi kaɗan a takardar, sai na taƙaita.

Lahadi, 1:15 na rana, asibiti

Da safe Baba ya kasa tashi daga gado. Yaya ya fita ya dawo bayan awa ɗaya da mai a galan, girarsa a fashe. Ba wanda ya tambaye shi. An ba Baba gado na shida a ɗakin maza. Janaretan asibiti yana aiki. Na tambayi nas kwana nawa mansu zai kai, ta kalle ni ta ce in je in zauna.

Litinin, 4:50 na yamma

Likita ya kira mu waje, ni da Yaya. Ya tambaya ko an bi awannin da ya faɗa. Yaya ya buɗe baki zai ce e, na ce a'a, na ba shi lambar. Ya rubuta. Ya ce zuciyar ta wahala. Daga yanzu ba sha shida ba, ashirin da huɗu, dare da rana. Ya ce suna buƙatar gadon, nan da mako guda za su sallame shi, mu shirya gida.

Ya ƙara wata magana. Na ajiye ta a raina, ba zan rubuta ta a nan ba.

Ashirin da huɗu sau bakwai, 168. A ranar da ta fi kowace haske farantanmu suna kawo kamar 116. Duk abin da za a kashe a gidan nan an riga an kashe shi.

Talata, 6:00 na yamma

100. Ba kowa a gida sai ni.

Laraba, 3:30 na rana

Na kai wa Umma kaya asibiti. Mun zauna a benci a waje. Kwana huɗu ke nan ba mu yi maganar ba. Na ce mata na cire takardar daga ƙofa.

Ta ce, "Ba ke kika danna makunnin ba."

Na ce amma ni na rubuta, ni kuma na kawo dokar tamanin.

Ta ce, "Ni kuma na zauna gaban fanka kwana bakwai ina lumshe ido ina sa albarka. Ɗaki ɗaya ne tsakanina da shi, ban taɓa tashi na leƙa ba. In laifi za a raba, kawo kwano in zuba miki naki in ɗauki nawa. Amma ba yau ba. Yau ki je ki nemo masa wuta."

Na ce daga ina.

Ta ce, "Ni tela ce. Ke ce injiniya."

Alhamis, 8:40 na safe

Na rubuta abin da zan ce wa Oga, na haddace. Layi shida. Wata biyu kacal na yi a shagon, ko sukundireba ban taɓa roƙa in tafi da ita gida ba.

Alhamis, 5:20 na yamma

Layi ɗaya na faɗa, sauran suka gudu. Sai na miƙa masa littafin nan a buɗe a shafin Asabar. Ya karanta a tsaye. Ya koma baya ya karanta na Litinin, inda na rubuta cewa ya ɗauka mai takarda ba ya gane komai. Na so ƙasa ta tsage.

Ya ce, "Biyar na ce miki, ko?"

Na ce e.

Ya nuna batir ɗin da muke ajiyewa a gaban shago don masu saye su gani, da farantai uku da ke jingine a bango. Ya ce, "Tun da aka rufe hanya ba wanda ya shigo ya kalle su. Ki kai. In wuta ta dawo ki maido. Amma ke za ki haɗa da hannunki, ni kallo zan zo yi." Na fara godiya, ya ce in bari, in je in ɗauko waya mai kauri, ba siririyar da aka sa mana bara ba.

Asabar, 4:10 na yamma

An haɗa. Farantai bakwai, batir biyu. Yaya ya riƙe tsani yana cewa in na faɗo kada in faɗo a kansa, bai gama warkewa ba. Oga ya zauna a inuwa da kofin shayi. Sau ɗaya ya yi magana, lokacin da na kusa juya wayoyin batir. Ya ce, "'Yar jami'a, ja ina yake zuwa?"

Da batir biyu, injin zai riƙa cin uku da rabi a awa. Wutar ɗaya ce, ma'ajin ne ya ninka. In rana ta fito za ta ishe mu. In aka yi hadari kwana biyu a jere, ban sani ba. Na lissafa ta hanya uku, duk amsar ban sani ba ce.

Ɗazu an sake jin ƙara daga gabas, ƙarama. Oga ya ajiye kofi ya tafi.

Lahadi, 2:00 na rana, asibiti

Baba ya ɗan murmure. Umma ta fita sayo ruwa, muka rage mu biyu. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce in daina, mutanen gado na biyar suna kallo.

Na ce ina son ya yi mini alkawari. Ya ce ba sai ya yi ba, Tela ta riga ta yanke hukunci. Wai ta sa Yaya ya kai keken ƙafa cikin ɗakinsa, ta ajiye shi daf da injin. Ya ce, "An yi mini mai gadi. Ga ƙara, ga faɗa."

Can sai ya ce, "Yanzu nawa nake ci?"

Na ce, "Ba kai ke ci ba, Baba. Injin ne."

"To nawa yake ci?"

"Uku da rabi."

Ya ce, "Au. Ashe na rame."

Na yi dariya, daga nan kuma abin ya juye, na kifa kai a kan gadon. Ya ɗora hannu a kaina. Hannun ba nauyi.

Litinin, 12:30 na rana

Yana gida. An kunna 12:04.

Talata, 3:25 na rana

Na kasa zama a shago. Ƙarfe biyu na ce wa Oga zan je sayo fis. Ya ce akwai fis kwali guda a bayana, amma in je.

Ban shiga ba. Na tsaya a lungu, ƙarƙashin tagar Baba. Keke yana taka-taka. Umma tana cewa ya ɗaga ƙafa a kan matashi, shi yana cewa ƙafarsa ce. Ta ce tun da ya nuna ba a barin sa da kayansa, yanzu ta gidan ce. Ya ce a kawo masa rediyonsa. Ta ce rediyo ya tafi hutu.

A ƙarƙashin duk wannan, gurnanin injin.

Na tsaya minti goma sha ɗaya. Maman 'Yan Biyu ta wuce ta tambaye ni ko an kore ni daga gida ne.

Talata, 6:00 na yamma

Yau kwana ashirin da bakwai babu wuta. Rediyon maƙwabta ta ce ana gyara.

Kafin in kalli mita na yi lissafin a takarda. Da bakwai na safe, 31. Akwai gajimare, farantai sun kawo 72. Injin awa goma sha ɗaya, 38½. Waya da sauran ƙananan abubuwa, 1½. Amsa: 63.

Na rufe fuskar inbata da tafin hannu na ɗan jima. Sannan na ɗaga.

63.

Zai kai mu safiya, da tazarar awa biyu kacal. Gobe an ce hadari ne, kuma ban san yadda jibi za ta kasance ba. Amma na duba sau uku, ko ɗigo bai ƙaru a kan lissafina ba. Baba bai kashe injin don ya rage mana komai ba, alhamdulillahi.